Yadda Na Kashe Garantin Hausawa a Sabha

Ba zan taɓa mantawa da safiyar Talatar nan ba, wadda aka kwance murfin akwatin giyar wata farar a-kori-kura a gabana, a filin motocin Hajj Mabruk da ke kan hanyar Tamanhint. Na yi shekaru ina sayar da motoci bayan wannan. An cuce ni, ni ma ban ce ban taɓa matse wani ba. Amma duk cikin abin da ya same ni a kasuwa, wannan ne kaɗai ban taɓa ba 'ya'yana labarinsa ba. Yau zan faɗa, tunda yawancin waɗanda suka gani da idonsu sun riga mu gidan gaskiya.

Lokacin kuɗin fetur ya sauka a Libiya, Sabha kamar ana hura ta. Ko'ina ka juya gini ne da ƙarar injin kwaɓa siminti. Ni na zo daga wani ƙauye a ƙasar Kano da riguna biyu. Da ɗaukar buhu na fara. Mu tsaya bakin titi a unguwar Jadid tun da sassafe, motar ɗan kwangila ta tsaya, mu yi ta turereniya. Na shekara biyu a haka, na lura mai ɗaukar buhu bayansa ne ke ƙarewa, mai motar da ke kawo buhun kuwa tumbinsa ne ke ƙaruwa. Sai na koma sayar da tsofaffin tayoyi, daga nan batir, daga nan na faɗa harkar motoci. Larabawa a lokacin suna canza mota kamar hula. Su yar da wadda ba ta yi komai ba, mu saya mu tura Agadas da Damagaram, har Kano.

Ina da kunne, wannan kam ba yabon kai ba ne. A tayar da mota in saurara, sau da yawa sai in faɗi ciwonta. Matsalar ita ce na san ina da shi, kuma na tabbatar kowa ya sani. A majalisarmu ta unguwar Mahdiya na sha cewa ni ba na buɗe bonet, buɗe bonet aikin kurame ne. (Mai irin wannan baki ya kamata iyalinsa su riƙa ɗaure masa shi kafin ya fito daga gida.)

Hajj Mabruk Balarabe ne ɗan asalin Fezzan, yankin da Sabha take, dogo, marar yawan magana. Abin da ya bambanta filinsa da na saura shi ne abin da suke kira daman, mu muna cewa garanti. In ka sayi mota a hannunsa, wata uku injin da giya suna wuyansa. Babu takarda, babu sa hannu. Makanikinsa, wani Bamisire mai gashin baki, zai ɗiga fenti ruwan ƙwai a kan kowane noti na injin da na akwatin giya. Sannan Hajj ya kama hannunka ya ce, "In ta yi ciwo ka kawo ta, kada ka buɗe." Sharaɗin ke nan, guda ɗaya tak.

Da can 'yan'uwansa Larabawa kaɗai yake yi wa haka. Mu baƙi ba ma ciki, sai da Baba Idi ya tsaya mana. Baba Idi dattijo ne mutumin Tawa, ya iso Fezzan tun kafin a san akwai fetur a ƙarƙashin yashin. Ya taho a ƙasa zai tafi hajji, guzuri ya ƙare, ya zauna. Shi ke yi wa gawarmu wanka, shi ke zuwa wurin 'yan sanda in an kama wani babu takardar zama. Shi ya je ya ce wa Hajj Mabruk, "Duk Bahaushen da ya zo maka da sunana, bakinsa bakina ne." A kan wannan magana guda, leburan da ya shekara huɗu yana ban-ruwa a gonar Balarabe yake iya sayen mota ya yi barci da hankali kwance. Ni kuwa kasuwata gaba ɗaya a kanta take tsaye. Abin da nake faɗa wa mai saye ke nan: daga filin Hajj take, da fentinta.

Ranar da na ga farar a-kori-kurar, sabuwar shigowa ce filin, ko wanke ta ba a yi ba. Hajj ya ce mini daga wani kamfanin da ke aiki a daji aka kawo ta, in bar ta kwana biyu Bamisire ya duba cikinta. Akwai Hausawa uku ko huɗu a wurin suna kallon motoci. Na ce a tayar kawai. Na karkata kai, na lumshe ido kamar mai sauraren karatu, na ce, "Lafiyarta ƙalau, a ɗiga fenti." Hajj ya dube ni, ya ɗaga kafaɗa, ya ce a ɗiga.

Kwana tara ta yi a hannuna. A rana ta tara ina dawowa daga wata gona, na sa giya ta uku, na taka, sai na ji ƙas, sandar giyar ta yi tsalle ta koma firi da kanta. Na mayar, ta sake tsalle. Na mayar na riƙe da hannu, na ji tana kokawa da ni kamar akuyar da ake ja zuwa kasuwa.

Mai hankali ya san abin yi. Ka juya kan mota, ka nufi hanyar Tamanhint, ka ce ya Hajj ga motarka. Ni ma na sani. Amma na riga na yi wa wani mutumin Agadas alkawarin motar, ayarinsu zai tashi nan da mako guda, gyaran filin Hajj kuwa sai an bi layi. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina. Dalili na gaskiya shi ne Hausawan nan uku ko huɗu da suka ga na lumshe ido. Na hango majalisar Mahdiya tana maimaita mini "buɗe bonet aikin kurame ne" har in mutu. Sai na ce a raina wataƙila ƙaramin abu ne, wani ɗan ƙarfe ne ya sassauta, a ɗaure shi a rufe, babu wanda ya ji.

Na nufi garejin Usta Mamman. Badamagare ne, makaniki na gaske, kuma tunda ni Bakano ne ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba. Na shigar da motar can ciki, na ce a ja ƙofa.

"Bawana, yau kuma me ka sato?" in ji shi.

"Kakanka na sato. Giya ta uku ke fita, duba mini."

Ya shiga ya ɗaga tabarmar ƙasa, ya cire faifan da ke rufe akwatin giyar, ya leƙa. Sai ya ɗago ya dube ni.

"Kai, wannan fentin Hajj Mabruk ne. Buwat ɗin nan ba tawa ba ce, ba taka ba ce. Mai da mishi abinshi." (Su mutanen Nijar buwat suke ce wa akwatin giya, Faransa ta bar musu.)

"Leƙawa kawai za ka yi."

"Ta ina zan leƙa? Ta hancinka? Sai na kwance noti."

"To kwance. Fenti ai ba daga sama aka saukar da shi ba, a kasuwa ake sayarwa."

Ya goge hannu da tsumma. Ya ce, "Bakano, ku dai wayonku ne ke kashe ku. Ni zan buɗe, amma in ta tashi ban san ka ba." Na ce na ji.

Ya kwance noti takwas, ya ɗaga murfin. Bai yi minti biyar yana dubawa ba ya kira ni ya nuna mini da bakin sukudireba. Haƙoran giya ta uku sun cinye, tsohuwar cuta ce, tun a daji ta same ta. Wato da na bar ta kwana biyun da Hajj ya ce, da Bamisire ya gani. Da kuma na mayar da ita ba a buɗe ba, da hakkina ne a canza mini. Na tambayi Mamman ko zai iya gyarawa. Ya ce irin wannan ƙarfen babu shi a Sabha sai a filin mutum guda, kuma na san ko wane ne.

Na ce to a rufe yadda take.

A nan aka sami ƙaramar matsala. Tsakanin murfin da akwatin akwai wata takarda mai kauri da ke hana mai zuba, mu muna cewa gaskit. Wurin ɗaga murfi ta yage gida uku. Sabuwa babu. Amma wannan ba ya tayar wa makanikin Sahara hankali, duk wanda ya yi aikin mota a wancan zamani ya san da kwali ake yanka ta. Mamman ya duba garejinsa, kwalayen duk sun sha mai sun yi laushi. Ya ce in samo mai ƙwari.

Ina da shi a bayan motar. Makon da ya wuce wani direba ya kawo mini saƙo daga gida, mahaifiyata ta aiko da kuka da kuɓewa busasshiya da daddawa. Na juye kayan a ɗaki na bar kwalin. Na miƙa wa Mamman, ya farke shi, ya ɗora a bakin akwatin yana bubbuga gefen da ƙaramar guduma har siffar ta fito, ya huda ramukan noti, ya shafa giris, ya rufe. Aiki tsaf. Ni ina can bakin ƙofa ina gadin kada wani ya leƙo, ko kallon kwalin ban yi ba.

Fenti kuwa ni na ɗauki nauyinsa, kuma in faɗi gaskiya na yi aikin da har na ji daɗin kaina. Na je wani gini a Jadid inda na san masu fenti, na karɓo ruwan ƙwai a gwangwanin tumatir. Na ga ya fi na Hajj haske, na ɗiga masa ɗan ja. Na gwada a jikin ƙarfe sau huɗu har ya yi daidai. Na ɗiga a kan notin da tsinken ashana, kafin ya bushe na busa masa ƙura don ya tsufa. Na ja da baya na duba na ce ko Bamisiren da ya haife shi ba zai gane ba. (Da na kashe rabin wannan basira a kan faɗin gaskiya, da tuni na dawo gida na ci abincin rana.)

Ranar Litinin na kai ta filin da fuskar wanda aka zalunta. Hajj ya saurare ni, ya kira Bamisire. Mutumin ya shiga motar, ya ɗaga faifan, ya daɗe a sunkuye. Na ga ya kankari fentin da farce, ya kai hanci. Ya fito ya raɗa wa maigidansa magana.

Hajj ya ce in zauna, ya sa aka zuba mini shayi. Sai da na kurɓa ya ce, "Ya tajir, an buɗe?" Haka yake kira na, wato ɗan kasuwa.

Na ce, "Ba a buɗe ba."

Ya ce, "Sha shayinka, ka tuna a hankali. Mutum yana mantuwa. In an buɗe ba abin faɗa ba ne. Ni in ba da giya, kai ka ji da aikin hannu, magana ta mutu a nan tsakanina da kai."

Ka ga ƙofa a buɗe, har an riƙe mini labule. Na shekara da shekaru ina tambayar kaina me ya hana ni shiga. Amsar dai ba ta canzawa: na yarda da fentina. Kuma na lissafa cewa in na ja da baya yanzu, na zama maƙaryaci a idonsa, in kuwa na dage, shi ne zai ji kunya. Sai na ajiye kofin da ƙarfi, na ɗaga murya. Na ce shekara nawa ina sayen mota a filin nan. Na ce da Balarabe ne ya kawo ta da ba a shinshina masa fenti ba. Na ce don an ga fatarmu baƙa ce shi ya sa maganarmu ba ta da nauyi.

Wannan ita ce ta fi ci mini rai har yau. Domin ana yi mana hakan a Sabha, ba ƙarya ba ne. An hana mu hakkinmu a wurare da yawa, an kira mu sunayen da ba zan rubuta ba. Amma wannan mutumin bai taɓa yi ba. Na ɗauki ciwon da yake na gaske, na mutane da yawa, na lulluɓe ƙaryata da shi.

Fuskarsa ta canza. Ni kuma da bakina, ba wanda ya tambaye ni, na ce, "Gobe zan zo da Baba Idi, a buɗe ta a gabansa."

Ya ce, "Bahi." Wato to, shi ke nan.

Na yi zaton in an buɗe za a ga haƙoran da suka cinye, kowa ya shaida tsohuwar cuta ce, maganar fenti ta bi iska. Da yamma a majalisa har na ba da labarin yadda Balarabe ke son cin amanar Hausawa, na ce duk mai hali ya zo gobe ya gani. Usta Mamman yana wurin. Ya tashi ya ce cikinsa na ciwo.

Da safe na je ɗaukar Baba Idi a motar wani abokina, tunda tawa ta kwana a filin. Na tarar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya naɗa rawani. Tsoho ne, sai da na riƙe masa hannu ya shiga. Mun yi nisa yana jan carbi. Da muka bar gari sai ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Ɗana, mu biyu ne a motar nan. Ka taɓa ta?"

Na ce, "Wallahi Baba ban taɓa ta ba."

A raina har ina cewa ai ba ni na taɓa ba, Mamman ne. Ka ji irin fatawar da mutum ke ba kansa.

Ya ce, "To alhamdu lillahi. Ka bar mini sauran."

Mun tarar da Hausawa sun kai goma a filin, waɗanda na gayyata da waɗanda suka ji labari. An shimfiɗa tabarma a inuwar rumfa. Hajj ya tarbi Baba da hannu biyu, ya zaunar da shi kusa da shi. Aka kawo shayi na farko, mai ɗaci da kumfa. Baba ya yi magana da Larabcinsa na tsofaffi, a hankali. Ya ce ya san yaron nan tun yana ɗaukar siminti. Ya ce ya tambaye ni tsakanina da Allah na amsa masa. Ya ce, "Ya Hajj, in yaron nan ya yi ƙarya, ni na yi." Jama'a suka yi ta gyaɗa kai. Ni ma na gyaɗa.

Hajj ya yi wa Bamisire alama. Aka turo motar gaban rumfa, aka buɗe ƙofofinta biyu don kowa ya gani. Noti takwas, ina ƙirga su a raina. Bamisire ya ɗaga murfin, ya haska ciki, ya ce lalle haƙoran giya ta uku sun cinye, kuma ba cin kwana tara ba ne. Hausawa suka ɗauki guna-guni. Wani ya dafa kafaɗata. Na fara gyara zama irin na wanda gaskiyarsa ta fito.

Sai Bamisire ya sa bakin wuƙa ya ɓamɓaro gaskit ɗin daga jikin murfin. Ta fito ɗungurungum, ba ta yage ba, don Mamman ya iya aiki. Ya juya ta. Ya goge giris ɗin da babban yatsa. Ya tsaya. Ya ƙara gogewa. Sannan ya taho da ita a tafin hannu biyu kamar mai kawo wasiƙa, ya miƙa wa maigidansa.

Ga abin da ban yi tunani ba. Mahaifiyata ba ta yarda da direbobi ba. In za ta aiko da kaya, sai ta kai kwalin wurin malamin unguwarmu ya rubuta sunana da ajami a kowane gefe, layi bayan layi, sama da ƙasa, wai ko wani gefen ya goge wani zai tsira. Tawadar malam kuwa ruwa take tsoro, ba ta tsoron mai. Faɗin gaskit ɗin bai fi yatsa biyu ba, amma layi guda ya kwanta a kanta daga wannan kusurwa zuwa waccan, baƙi wuluk, kamar jiya aka rubuta.

Da da boko aka rubuta, wataƙila da na sami abin cewa. Amma baƙaƙen Larabci ne. Hajj ya sa tabarau, ya karanta sunana da sunan mahaifina da ƙarfi, ya karanta Sabha. Daga nan ya ci karo da Hausa, ya kasa. Sai ya miƙa wa Baba Idi, wanda yake kira Hajj don girmamawa, cikin ladabi, ya ce, "Ya Hajj Idris, sauran da harshenku ne. Me aka ce?"

Baba ya karɓa. Ya nisanta ta da idonsa irin na tsofaffi. Na ga leɓensa na motsi. Ya daɗe fiye da yadda layin yake buƙata. Sannan ya karanta da Hausa, murya ba ta rawa:

"Saƙon mahaifiyarsa. Kada a danne, akwai daddawa a ciki."

Ya kuma fassara wa Hajj da Larabci, kalma bayan kalma, har da bayanin mece ce daddawa.

Wani daga baya ya tuntsire da dariya, ya yi sauri ya mayar da ita tari. Da ma sun yi dariyar gaba ɗaya, da ya fi mini sauƙi. Hannun da ke kafaɗata ya janye. Na buɗe baki, kuma don ka san irin mutumin da nake a lokacin, abin da ya fara zuwa mini shi ne in ce wataƙila a kamfanin aka sa ta. Kwalin uwata, a kamfanin Turawa, a tsakiyar daji. Allah ya taimake ni muryar ba ta fito ba.

Hajj bai dube ni ba ko sau ɗaya. Ya sa aka kawo shayi na biyu, aka sha. Aka kawo na uku mai gyaɗa a ciki, aka sha. Ni ma an miƙo mini, na karɓa, don ban san yadda ake ƙin karɓa ba. Sannan ya ce wa Bamisire ya ciro giya daga wata motar ya sa mini, a gama kafin ayarin Agadas ya tashi, kuma kada a karɓi komai a hannuna. Ya ce, "Wannan don rawanin Hajj Idris ne."

Ya juya ga Baba. "Kai ɗan'uwana ne har gobe, gidana gidanka ne. Amma daga yau duk wanda ya sayi mota a nan daga cikin mutanenka, ya duba da kyau kafin ya fita. In ta wuce ƙofar nan, tasa ce. Ba zan iya sa dattijo kamarka ya riƙa rantsuwa a kan abin da bai gani ba."

Baba ya ce, "Ka yi adalci."

Ya miƙe, na yi sauri in riƙe masa hannu. Bai fizge ba, ya bar ni na riƙe har bakin titi. Na buɗe masa ƙofar mota, ya ce a'a, zai jira ta haya. Na durƙusa a kan tsakuwa na ce Baba ka yafe mini. Ya dube ni, babu fushi a fuskarsa, da ma akwai.

Ya ce, "Na yafe. Amma ɗana, da ka gaya mini a mota, ai da na san irin rigar da zan sa. Da roƙo zan zo yi, kuma na iya roƙo. Shekara talatin ina yi muku shi."

Motar haya ta zo, ya shiga.

A-kori-kurar ta tafi Agadas a kan lokaci, da giya lafiyayya. Ban yi asarar ko sisi ba, kuma wannan ne ɓangaren da ya fi ɗaci, don wasu ne suka biya. Bayan wata biyu wani mutumin Maraɗi, mai aikin gona, ya sayi mota a filin ba fenti. Injin ya buga kafin ya kai iyaka. Ya dawo Sabha a bayan babbar mota, ya koma gonar da ya yi wa sallama. Mun sha haɗuwa a masallaci. Bai taɓa ce mini komai ba, yana dai matsawa in na tsaya kusa da shi a sahu.

A majalisa ba wanda ya tsokane ni, ko Usta Mamman ya daina zagina, ya koma gaishe ni da "ina kwana" kamar baƙo. In ana gardama a kan mota na sa baki, sai a yi shiru har in gama, a ci gaba daga inda aka tsaya. Na ƙara shekara guda a garin na tattara na koma gida. Baba Idi ya rasu bayan tafiyata, ban sami jana'izarsa ba. An ce mini har ya bar duniya bai sake tsaya wa kowa a gaban Balarabe a kan maganar ciniki ba. Gawa da 'yan sanda kawai ya ci gaba da yi.

Mutane suna so in ce na koyi cewa ƙarya ba ta da kyau. Wannan ai na sani tun ina yaro, bai hana ni ba. Abin da na koya ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya fi amfani ga ɗan kasuwa. In ka yi abin kunya aka tambaye ka a keɓe, aka ba ka shayi aka ce ka tuna a hankali, to an riga an sani, farashi mafi sauƙi ake yi maka. Ka saya nan take. In kuwa taurin kai ya sa sai ka yi ƙaryar, ka ɗauke ta kai kaɗai. Kada ka je ka taso tsoho daga gidansa ya taya ka ɗauka.